Ƙwaƙwalwar Mota Ba Ta Da Ido, Haƙora Take Ƙirgawa

 A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen makaranta mu leƙa gareji, domin duk wanda ya san zaman Hausawa a Sabha ya san kanikanci na cikin manyan sana'o'in da ke riƙe da 'ya'yanmu, tun daga nan Mahadiyya har zuwa Gurda da Manshiya. Dalili kuwa shi ne wata wasiƙa da ta iso mana daga wani ɗan'uwa mazaunin Gatrun. Ya ce ƙwaƙwalwar motarsa Land Cruiser mai shan fetur ta ƙone, aka rasa irinta, sai aka sa masa wata baƙuwa, irin wadda ake tsarawa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Da safe motar tana tashi da bugu ɗaya, amma da zarar an yi tafiyar sa'a guda sai ta fara shaƙuwa, wani lokaci ta mutu murus, sai ta huce sa'an nan ta tashi. An canja fulogi, an canja kwayil, an canja famfon mai, abin bai bari ba. Tambayarsa ita ce, shin jabun ƙwaƙwalwa aka sayar masa?

Ɗan'uwa, ban ga motarka ba, amma alamun da ka zayyana ba kasafai suke nuna laifin ƙwaƙwalwa ba. Sun fi nuna laifin labarin da ake kawo mata daga wasu ƙananan na'urori biyu, watau sensar karanshaf da sensar kamshaf, da kuma yadda aka tsara mata ta karanta wannan labari. A kan wannan nake so mu tsaya, kuma ina roƙon iyayenmu masu gareji da yaransu su yi haƙuri da ɗan lissafin da ke ciki. Malamin makaranta ba ya rabuwa da allo.

Kafin nan, bari in faɗi abin da ya sa ban ɗauki wannan magana da wasa ba. A Tarabulus idan mota ta mutu sai a tura ta gefen titi a kira mai ja. Mu kuwa hanyarmu ta gida ita ce wadda ta bi ta Gatrun, ta wuce Tummo da Madama da Dirku kafin a ga Agadas, hanyar da ayarin raƙuma suka bi shekaru aru-aru tsakanin Murzuk da Kawar. Raƙumi in ya gaji yakan ba da alama tun da nisa. Inji kuwa yakan ɗauke ne farat ɗaya. A farkon watan Yuni na 2017 aka ba da labarin mutum 44, har da jarirai, da ƙishirwa ta kashe tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. A watan Yuni na 2022 kuma aka tsinci gawarwaki 20 a hamada kudu da Kufra, kusa da motar da ta tsaya da su. Ba ina cewa sensa ce ta tsayar da waɗannan motoci ba. Ina cewa ne wanda ya ɗaura waya a injin da zai shiga Sahara, amanar rayuka aka ba shi.

To, mene ne aikin waɗannan sensoci biyu? Iyayenmu da suka koyi aiki a kan kafireta da dilko sun san cewa a da ƙarfe ne ke raba wuta: dilko na juyawa tare da inji, yana miƙa wa kowane fulogi wutarsa a kan kari. Ƙwaƙwalwa ba ta haɗe da inji da wani ƙarfe, kuma ba ta ganin fistin. Abin da aka yi mata shi ne aka ɗaura wani faifai mai haƙora a jikin karanshaf, aka kafa sensa kusa da bakinsa. Duk haƙorin da ya wuce sai sensa ta aika da bugu ɗaya, ita kuma ƙwaƙwalwa ta ƙirga. Daga saurin bugun take gane juyin inji. Amma ƙirge kaɗai ba zai gaya mata inda aka faro ba, don haka aka cire haƙori ɗaya ko biyu aka bar giɓi, kamar yadda limamin carbi ke gaya wa yatsa cewa an zagayo. Yawancin injunan fetur na Toyota tun daga tsakiyar shekarun 1990, irin su 2TR na Hilux da 1GR na Land Cruiser, faifansu mai gurbi 36 ne da aka cire biyu, saura haƙora 34, kowane gurbi digiri 10. Motocin Turai masu tsarin Bosch sun fi amfani da gurbi 60 a cire biyu, kowane gurbi digiri 6. Ford kuwa ta shahara da 36 a cire ɗaya.

Ita kuma sensar kamshaf, ga dalilinta. A inji mai zagaye huɗu, karanshaf na juyawa sau biyu, watau digiri 720, kafin kamshaf ya juya sau ɗaya. Ke nan fistin na farko yana hawa ƙololuwa sau biyu: sau ɗaya yana matse iska da mai, sau ɗaya yana korar hayaƙi. Giɓin faifai iri ɗaya yake nunawa a duka biyun. Sensar kamshaf ce ke raba gardama, ta ce wannan hawan na matsi ne, a ba shi wuta.

Ƙwaƙwalwar da mota ta zo da ita daga kamfani an riga an koya mata duk wannan, ba ta san wani inji ba sai nata. Baƙuwar ƙwaƙwalwa kuwa, ko Haltech ce ta Ostareliya, ko Link ta Niyu Zilan, ko MegaSquirt ta Amurka, ko Speeduino mai araha da aka gina a kan allon Arduino, an yi ta ne don ta shiga kowane inji, saboda haka ba ta san komai ba sai abin da bakanike ya rubuta mata. Baƙo ne mai kaifin basira, amma baƙo ko da ido ƙwala-ƙwala makaho ne. Kuma a nan ake yawan yin tuntuɓe na farko: a kwafo tsarin wata mota daga intanet ko daga wayar aboki, a zuba, don sunan injin ya zo ɗaya. Suna ɗaya ba ya nufin faifai ɗaya. Injin 2JZ mai tabo na farko, da 1UZ na farko, faifan karanshaf ɗinsu haƙora 12 ne babu giɓi, amma da aka fito da masu VVT-i sai aka koma 36 a cire biyu. Injunan da ake sayowa kwance daga kasuwannin Sharja sau da yawa ba su zuwa da takarda. Saboda haka kada ka yarda da abin da aka gaya maka: buɗe, ka sa alli a haƙori ɗaya, ka juya inji da hannu ka ƙirga da idonka.

Abu na biyu shi ne sanin irin sensar da ke hannunka, domin iri biyu ne manya, kuma halinsu ya sha bamban. Ta farko ita ce mai maganaɗisu, wadda littattafai ke rubutawa VR. A cikinta akwai maganaɗisu da siririyar wayar tagulla da aka nannaɗe, kuma ita da kanta take haifar da wutarta idan haƙori ya gifta, bisa ka'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Galibi wayoyi biyu gare ta. Halinta shi ne muryarta na bin saurin inji: lokacin buga kik, sa'ad da inji ke juyi 200 ko ƙasa da haka a minti, abin da take bayarwa na iya kasa kai volt ɗaya, amma in an ba mota wuta sosai sai ya haura volt gomomi. Ta biyu ita ce ta Hall, sunan Edwin Hall, Ba'amurken da ya gano ka'idarta a 1879. Wayoyi uku gare ta, domin sai an ba ta wuta, kuma amsarta biyu ce tak, kunne ko kashe, ƙarfinta ɗaya ko inji na silo ko yana ruri. Da yawa daga cikin irin wannan ba su iya ɗaga sigina sama da kansu, sai an kunna wata resista ta cikin ƙwaƙwalwa da ke ja musu ita. In ba a kunna ba, allo zai nuna juyin inji sifiri, a yi ta zagin sensa alhali lafiyarta ƙalau. A kula kuma, inji ɗaya na iya ɗaukar mai maganaɗisu a karanshaf, mai waya uku a kamshaf, don haka kowace a tsara mata nata.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, watau mai maganaɗisu. Siginarta igiya ce mai hawa da sauka. Haƙori na matsowa tana hawa, yana daidai da tsakiyar sensa sai ta faɗo da sauri ta ratsa sifiri, sa'an nan ta sake tasowa a hankali. Wannan faɗowa mai kaifi ita ce ainihin wurin haƙori, kuma ba ta gusawa komai saurin inji. A kanta ƙwaƙwalwa ke son ta yi ƙirge. Idan aka juya wayoyin nan biyu, ko aka zaɓi gefen hawa a maimakon na sauka, mota za ta iya tashi, har ma ta yi silo mai daɗin ji, shi ya sa kuskuren ke ɓuya. Amma ƙwaƙwalwa tana ƙirge ne a kan gefen da ba shi da kaifi, sai tayimin ya riƙa zamewa yayin da juyi ke ƙaruwa, kuma a wurin giɓi sai ta ga kamar akwai haƙorin da babu, ƙirge ya rikice, ta ɗauke wuta na ƙiftawar ido. Wannan ita ce shaƙuwar da direba ke ji a ƙafarsa. Launin waya ba hujja ba ne, musamman a injin da ya bi ta hannu uku. Manhajojin waɗannan ƙwaƙwale suna da shafin da ke zana siginar a allo, kuma minti biyu na kallon wannan zane ya fi yini guda na canje-canjen kaya.

Sai kuma matakin saurare. Ana gaya wa ƙwaƙwalwa cewa duk abin da bai kai volt kaza ba kada ta ɗauke shi haƙori, hayaniya ce. In an sa matakin ya yi sama, ba za ta ji raunanniyar muryar sensa lokacin kik ba, musamman da asubar hunturu, kuma mun san sanyin Fazzan a watan Janairu yadda yake kwantar da batir. Motar sai ta ƙi tashi da makulli amma ta tashi da turi, domin turi ya fi saurin juya inji. In kuma an sa shi ƙasa ƙwarai, to duk tartsatsin da ya fito daga kwayil ko altaneta za ta ƙirga shi haƙori. Shi ya sa ƙwaƙwale masu kyau ke ba da jadawali: mataki ƙarami a juyin kik, yana hawa tare da juyin inji. Abin da ma'aikata suka saba bi shi ne a auna tsayin siginar a kowane juyi, a ajiye matakin tsakanin sulusinta da rabinta. A auna, na ce, ba a yi kirdado ba.

Akwai kuma matata, wadda ke tace hayaniya. Na lura yaranmu suna son ta, domin da an ɗaga ta sai shaƙuwa ta ragu a cikin gari, maigida ya karɓi kuɗinsa, kowa ya yi murna. Ga lissafin da nake so ku riƙe. Injin da ke juyi 6,000 a minti yana juyi 100 ke nan a daƙiƙa. In faifansa mai gurbi 36 ne, gurabu 3,600 ke wuce sensa a daƙiƙa ɗaya; in mai 60 ne, 6,000. Matata mai kauri ba ta iya bambanta haƙori mai irin wannan sauri da hayaniya, sai ta haɗiye shi, ga kuma jinkirin da take jawo wa tayimin. Yaushe ne mota ke kai wannan juyi? Lokacin da take kokawa da tudun yashi a ƙaramin giya, watau daidai inda ɗaukewar wuta ke nufin nutsewa har gatari. Maganin hayaniya yana jikin waya. A yi amfani da waya mai rigar ƙarfe, a haɗa rigar da ƙasa a gefen ƙwaƙwalwa kaɗai, a nisanta ta da wayoyin kwayil da na kik da altaneta, a sa fulogi mai resista, a kuma kankare tsatsa a wurin da babbar waya ta haɗa inji da jikin mota. Tazarar sensa da haƙori, wadda a yawancin injuna ba ta nisa da milimita ɗaya, a auna ta da filageji. Kuma a goge bakin sensa, domin maganaɗisu ne, yana tara garin ƙarfe.

Idan ƙirge ya tsaya daidai, saura a gaya wa ƙwaƙwalwa nisan da ke tsakanin giɓi da ƙololuwar fistin na farko, a digiri. Wannan lamba ita ce tushen kowane tayimin da za a rubuta daga baya; in ta karkace da digiri 8, dukan jadawalin wuta ya karkace da digiri 8, ko da allo na nuna komai daidai. Wuta in ta yi gaba da yawa inji zai riƙa ƙwanƙwasa har fistin ya huje, ko ya yi tutsu lokacin kik ya karya haƙoran sitata. In ta yi baya mota ta yi nauyi, ta sha mai, ta yi zafi har bututun hayaƙi ya yi ja. Hanyar tabbatarwa ɗaya ce, kuma tsohuwa ce: fitilar tayimin. A cire wayoyin nozul don kada mai ya shiga, a kulle tayimin a manhaja a kan digiri 10, a buga kik, a haska fuli. In alama ba ta tsaya a kan 10 ba, a gyara lambar har ta tsaya. Sa'an nan a mayar da nozul, a tayar da inji, tayimin na nan a kulle, a ba shi wuta zuwa juyi 3,000 ana haskawa. Alamar da ta tsaya cik ta nuna an dace. Wadda ke tafiya ta nuna a koma kan wayoyin nan biyu da gefen da aka zaɓa. In kuwa fitila ta nuna daidai amma inji ya ƙi tashi, sai tari da harbi ta bututu, to wataƙila wutar na zuwa ne a hawan hayaƙi, a ƙara ko a rage digiri 360.

Wani abu da ya shafe mu musamman a ƙasar zafi: fulin karanshaf ƙarfe biyu ne da roba a tsakani, kuma alamar tayimin tana kan na waje. Roba in ta tsufa ta ƙeƙashe, zoben waje yakan zame, alamar ta yi ƙarya. A tsohon inji, a cire fulogin farko a tabbatar da ƙololuwar fistin da hannu kafin a yarda da fuli.

Game da kamshaf ba zan tsawaita ba. Abin lura shi ne kada bugunsa ya faɗo daf da giɓi ko daidai kan gefen wani haƙorin karanshaf, domin sarƙar tayimin in ta saki kaɗan sai bugun ya riƙa tsallakawa gaba da baya, ƙwaƙwalwa ta rasa a wane zagaye take. In haka ta faru a sauya gefen da ake karantawa. A injuna masu VVT-i kuma kamshaf yana gusawa da gangan da digiri masu yawa, saboda haka sai an zaɓi tsarin da aka yi wa wannan inji takamaimai a cikin manhaja.

Mu dawo ga motar da ke mutuwa in ta yi zafi ta kuma tashi in ta huce. Wannan halin tsohuwar sensa mai maganaɗisu ne. Wayar cikinta ta fi gashi siranta. In ta tsage, da sanyi bakunan na taɓa juna, da zafi sai su rabu. Shi ya sa littafin gyara na Toyota ke ba da awo biyu na wannan sensa, na sanyi da na zafi, amma sau nawa muke auna na biyun? Ƙwaƙwalwar asali takan ajiye lambar P0335 in ta rasa karanshaf, ko P0340 in ta rasa kamshaf. Baƙuwa kuwa tana da ma'ajin da ke ƙirga sau nawa ƙirge ya ɓace mata. Wannan lamba ya kamata ta zauna a sifiri. Wani tsohon ɗalibina da ke aiki a wani gareji ya ce mini, "Malam, ai sau uku kacal ta nuna, kuma mai motar bai ji komai ba." Na ce masa, ɗana, uku a kan kwalta da sanyin safiya, nawa za ta zama da azahar a watan Yuli, zafi ya haura digiri 40, mota ɗauke da jarkoki da mutane?

Don haka gwajin da nake ba da shawara ba zagayen unguwa ba ne. A ɗora wa motar kaya, a fita da ita hanyar Ubari ko ta Birak da tsakar rana, kwamfuta na haɗe tana ɗaukar bayani, a yi tafiyar sa'a guda, a shiga yashi a ba ta wuta a ƙaramin giya, a kunna fitilu da na'urar sanyaya ɗaki gaba ɗaya. A tsaya a kashe ta minti goma, domin a lokacin ne zafi ke taruwa a ƙarƙashin bonet, sa'an nan a sake tayarwa. Washegari da asuba a sake buga ta da sanyi. In ma'aji na kan sifiri bayan duk wannan, to a fara zancen ƙarin ƙarfi da jadawalin mai.

Ga masu gareji kuma ina da roƙo irin na malamai: a riƙa rubutawa. Kowace mota a ba ta shafi a littafi, a sa irin faifai, irin sensa, wace waya ta shiga wane rami, gefen da aka zaɓa, matakan saurare, da lambar digiri. A ba mai mota kwafi a takarda, a kuma tura masa fayil ɗin a wayarsa. Bakaniken Dirku ko na Agadas da zai karɓi motar wata rana bai san abin da aka yi a Mahadiyya ba, kuma ba zai same shi a littafin Toyota ba, tunda ƙwaƙwalwar ba tasu ba ce.

Direba kuma ya riƙe sensar karanshaf ta ajiya, wadda aka riga aka ɗaura aka gwada, tare da sifanar da ke kwance ta, domin sabuwa a kwali ma takan zo da wayoyi a juye. Kuma ya tambayi bakanikensa ko an shirya masa fayil na biyu wanda ba ya bukatar kamshaf. Injin da faifansa ke da giɓi yana iya tafiya da sensar karanshaf kaɗai, in aka tsara ƙwaƙwalwa ta riƙa ba silinda wuta bibbiyu, ɗaya a matsi ɗaya a hayaƙi. VVT-i ba zai yi aiki ba, ƙarfi zai ɗan ragu, amma motar za ta kai rijiya ta gaba. Mai haƙora 12 babu giɓi ba shi da wannan dama, shi sai ya ɗauki sensocin duka biyu.